Waƙar Rakiyar Tomizo

Sunayen waƙoƙi goma sha ɗaya Fumiya ya rubuta a bayan wata tsohuwar takardar awon kifi, kuma duk goma sha ɗayan ya bi su ya soke. Yana zaune a kan kifaffen akwati a ofishin ƙungiyar masuntan tsibirinsu, takardar a kan gwiwarsa, kwalin zaren takarda a gefen ƙafarsa. Ja, fari, shuɗi, rawaya, kore, kowanne a naɗe tsaf. Saura kwana uku.

"Har yanzu?" in ji Harue, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shekara talatin tana riƙe da ofishin nan, babu wanda ya tafi daga tsibirin ba ta ga tafiyarsa ba. "Fumiya-kun, waƙa aka ce ka zaɓa, ba mata ba."

"Mata ai ta fi sauƙi," ya ce a hankali. "Ita in ba ta so za ta faɗa."

Duk wanda zai bar tsibirin gaba ɗaya, malami ne ko ɗan sanda ko likita, sai an raka shi tashar jirgin ruwa. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana karɓar bakin zarensu, ya hau jirgi da su a hannu, su kuma a ƙasa suna riƙe da naɗin. Jirgi ya ja, zare ya yi ta warwarewa har ya tsinke. Daga kwance igiya zuwa lokacin da jirgi zai wuce jar hasumiyar bakin tasha minti huɗu ne da ɗan abu, kuma a cikin mintocin nan lasifika ba ta yin shiru. Wanda ya shirya rakiya shi ke zaɓar waƙa. Wannan karon ƙungiya ta ɗora wa Fumiya, saboda mai tafiyar maigidansa ne, Tomizo.

Shekara shida da suka wuce Fumiya ya sauka a tashar nan da jaka ɗaya, daga Osaka. Makaranta ta ƙi shi, shi ma ya ƙi ta. Tomizo ne ya ɗauke shi a jirginsa, ya koya masa ƙulli, ya koya masa tsayuwa in teku ta tashi, ya koya masa yin shiru in kifi ya kusa. A watan Nuwamban da ya wuce, suna cikin jan raga su biyu, tsohon ya zube a cikin jirgi kamar buhun da aka saki. Ya fi minti biyu bai san inda yake ba. Da ya buɗe ido, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Ba ka ga komai ba." Fumiya ya ce to. Kwana biyu yana riƙe da wannan to ɗin, ba ci ba barci. A rana ta uku ya ɗauki waya ya kira Sayuri, 'yar tsohon da ke aure a Fukuoka. Aka je asibiti, likita ya ce zuciya ce, ba shi ba teku, kuma ba zai zauna shi kaɗai ba.

Tun daga ranar Tomizo bai sake ce masa uffan ba. In sun haɗu a hanya, Fumiya ya rusuna, tsohon ya kalli teku ya wuce.

To abin da ke hana Fumiya sakat ke nan. Tomizo ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. In bai yafe maka ba, zai karɓi zaren na damarka, ya karɓi na hagunka, ya tsallake hannunka a gaban mutum ɗari biyu, ya hau jirgi. Kuma mai shekara saba'in da uku in ya hau jirgin nan da kayansa duka, ba a faye gyara abin da aka bari a baya ba. Fumiya ba shi da bakin magana. Waƙar nan kaɗai yake da ita.

Da rana ya tarar da Shigeo mai kula da inji zaune a bakin tasha, yana cin curin shinkafa da hannu duk baƙin mai.

"Kawo in gani," Shigeo ya fizge takardar. Ya karanta yana tauna. "Wannan me ya same ta ka soke? Kowa ita yake sakawa."

"Cewa take yi ka tafi ka nemi mafarkinka, duniya na jiranka."

"To?"

"Shekararsa saba'in da uku. Ɗakin jikarsa za a raba masa da labule."

Shigeo ya yi dariya har shinkafa ta sarƙe shi. "Wannan fa? Ta furen sakura?"

"Ta 'yan makaranta ce, ranar gama karatu."

"Wannan?"

"Cewa take yi ka yi aiki ka gaji, yanzu ka huta."

"Ai gaskiya ce."

"Shigeo-san, kai za ka iya ce wa Maigida ya huta?"

Shigeo ya daina tauna. "Ni? Ina son haƙorana." Ya miƙa masa takardar. "Saka masa irin tamu ta tsofaffi mana. Giya, ruwan sama, wata mata tana kuka a tasha."

"Matarsa ta rasu shekara takwas. Wace mata kuma zan sa ta yi masa kuka a gaban 'yarsa?"

"Kai, ɗan Osaka, tunaninka ya yi yawa. Wa ma yake sauraron waƙar? Mata na kuka, yara na ihu, jirgi na busa. Saka ko wacce."

"Shi zai saurara," in ji Fumiya.

Shigeo ya dube shi na ɗan lokaci, sai ya ɓallo rabin curin shinkafar ya miƙa masa. "Ci. Ka rame kamar busasshen kifi."

Da yamma yana gyaran raga a rumfa, a daidai wurin da suka saba zama da tsohon, sai ya ji kansa yana wani amo a cikin maƙogwaro. Ya tsaya da allurar a hannu. Wannan amon na Tomizo ne. Shekara shida yana jin sa, duk lokacin da tsohon ya duƙufa a kan raga ya manta akwai mutum kusa. Ba kalmomi, amo ne kawai, mai tafiya a hankali, ya ɗan hau sama sannan ya sauko kamar igiyar ruwa a ranar da babu iska. Fumiya bai taɓa tambayarsa ba. Tomizo ba a tambayarsa irin wannan.

Ai ga waƙar nan, tun tuni tana kusa da shi.

Washegari bayan an tashi yara ya nufi makarantar firamare, wurin Malama Nanase mai koyar da kiɗa. Daga Nagoya aka turo ta, shekara uku ke nan, ita ma ƙarshen watan nan za a mayar da ita. Ya tsaya a ƙofar aji da hularsa a hannu, kunya kamar ta kashe shi, ya rera mata amon.

"Sake," ta ce.

Ya sake. Ta bi shi da yatsa ɗaya a kan fiyano, ta ɗan karkata kai. Sai ta tashi ta buɗe wani kabad, ta yi ta tone-tone, ta fito da faifai a cikin farar takarda.

"Wani malami ne ya bi tsofaffi ya ɗauki waƙoƙin tsibirin nan, tun kafin a haife mu. Sau ɗaya na taɓa saurara. Ina jin ta shida ce."

Ta saka. Muryoyin mata ne, kamar su biyar, ba ganga ba komai. Amon ne, shi ɗin dai. Kalmomin kuwa tsohon harshen tsibirin ne, irin wanda ko Shigeo ba ya yi, amma sun tsinci kaɗan: jirgi, ka tafi lafiya, ruwa ya kwanta maka, mun gode da zamanka.

"Waƙar rakiya ce!" in ji Malama Nanase, ta tafa hannu. "Fumiya-san, ka dace. Dubi abin da aka rubuta: ta shida, tura jirgi."

Fumiya ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya duba agogo, ya auna ta. Minti uku ce, ba ta kai huɗu ba. Ba komai, in ta ƙare sai ya maido ta farko. Ya rusuna wa malamar har sau uku, ya fita da faifan a cikin rigarsa kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ana gobe tafiya, wajen ƙarfe uku na rana, ya jawo waya daga ofis zuwa tasha don ya gwada lasifika. Harue ta tafi gidan waya. Tashar na cike da harkarta ta kullum: mata na shanya kifi a kan raga, wasu tsofaffi na zaune a benci, Shigeo na kwance ƙarƙashin inji. Fumiya ya ɗora na'ura a kan tebur, ya saka faifan, ya ƙara murya don ya ji ko za ta kai hasumiya. Ya danna.

Muryoyin suka fita ta lasifika huɗu, suka bi kan ruwa, suka hau tudu har gidajen sama.

Ya ɗaga kai yana murmushi, sai ya ga matan sun daina shanya. Ɗaya ta ajiye kifin da ke hannunta ta haɗa tafukanta biyu. Tsofaffin benci suka miƙe, suka cire huluna. Ƙofofi suka fara buɗewa. Iya Matsu, wadda ta haura tamanin da biyar, ta fito daga shagonta da sanda, tana sauri irin wanda Fumiya bai taɓa ganin ta yi ba.

"Wa ya rasu?" take tambaya. "Jirgin wa bai dawo ba? Ku faɗa mini, wa ya rasu?"

Shigeo ya fito daga ƙarƙashin inji da gudu, ya fizge wayar daga soket.

"Kai!" Shigeo yana haki. "Kai, me ka yi haka?"

"Gwaji nake yi. Ta gobe ce, ta Maigida."

"Ta Maigida?" Shigeo ya kama kansa da hannu biyu. "Wayyo ni. Ta Maigida, ya ce."

Harue ce ta iso da kekenta, ta ja shi cikin ofis ta rufe ƙofa. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi.

"Fumiya-kun, ina kake yin Obon?"

"Osaka. Wurin mahaifiyata. Duk shekara."

"Duk shekara," ta maimaita, ta zauna. "Shi ya sa. A daren ƙarshe na Obon, bikinmu na tunawa da matattu, duk gidan da aka yi rasuwa a shekarar suna saƙa ƙaramin jirgi na karan alkama, a sa masa fitila da abincin da mamacin yake so. A nan tashar ake tura su cikin ruwa. Wannan waƙar ita ake rerawa. Ba a yin ta a wani lokaci. Ko da wasa ba a yi."

Fumiya ya dube ta. "Amma Maigida yana yin ta. Kullum, in yana gyaran raga."

"Tun shekarar da ya tura jirgin matarsa Kikue yake yin ta. Kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai ji ba." Ta leƙa ta taga, wajen tudu. Gidan Tomizo shi ne na uku daga sama, tagoginsa duk a buɗe saboda haɗa kaya. "Ka ƙure murya kuwa."

Ya bi idonta. Shi ne ya yi kiran da aka zo aka raba tsohon da teku, yau kuma shi ne ya saka masa waƙar matattu ana gobe tafiyarsa. A tsibiri mai mutum ɗari uku, kafin shayi ya huce labari ya gama gari.

"Gobe ka saka ta sakura," in ji Harue. "Ba ta da daɗi, amma ba ta taɓa kashe kowa ba. Yanzu ka wanke fuska ka hau tudun nan."

Matakalar dutse ɗari da ashirin ce zuwa gidan. Ya saba hawanta da kwandon kifi a kafaɗa bai ji komai ba, yau sai da ya tsaya sau biyu. Sayuri ce ta tarbe shi a ƙofa, da ɗankwali a kai da kwalaye a bayanta. Ta dube shi da tausayi, ta matsa gefe. Tomizo na zaune a bakin baranda, ya ba su baya, yana kallon tasha. Ya ƙanƙance a cikin wata huɗun nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Fumiya ya durƙusa a kan dutsen ƙofar, ya kai goshinsa ƙasa.

"Maigida, ban sani ba. A bakinka na ji ta, na ɗauka waƙar da kake so ce. Ban san ta mece ce ba. Ka yi haƙuri."

Wani kwali ya zame a cikin ɗaki. Goshinsa na kan dutse, yana jin sanyinsa.

"Baba," in ji Sayuri, "magana ake yi maka."

"Sayuri," in ji tsohon, bai juyo ba. "Ki gaya wa wancan, lasifikar da ke kusa da rumfar ƙanƙara tana ƙara kamar akuya. Kuma faifan nasa guntu ne. An yanke baiti na uku."

"Baba, ga shi nan a gabanka, kai ka gaya masa mana."

"Na gama."

Fumiya ya sauko matakalar yana juya maganar. Zagi ne? Wato ko waƙar mutuwar ma bai iya kawo ta cikakkiya ba? Ko kuwa wani abu ne daban? Ya ɗauko tsani ya hau ya gyara lasifikar rumfar ƙanƙara, don wannan kaɗai ya fahimta sarai. Waya ce ta yi tsatsa.

Ranar tafiya gari ya waye da hazo kaɗan a kan ruwa, sai ya washe. Jirgin ƙarfe goma ya shigo, aka fara loda kwalaye. Mutane suka cika tasha, har yaran makaranta an kawo su a jere. Harue na raba zare daga kwali, kowa ya ɗauki launin da yake so. Fumiya na tsaye a bayan teburinsa. Faifan sakura na cikin na'ura. Ɗayan kuma yana cikin aljihun rigarsa, da niyyar in an watse ya mayar wa malama. Ya ɗauki zare ɗaya shuɗi ya ajiye a gefen na'urar, sai ya ga kamar ya yi rashin kunya, ya mayar da shi cikin kwali. Mutane na gaishe shi sama-sama, idonsu na kaucewa. Iya Matsu ko kallonsa ba ta yi ba.

Tomizo ya sauko cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, da furanni a hannu yana riƙe da su kamar wanda aka ba ajiyar jariri. Ya fara bin layi. Ya karɓi zaren shugaban ƙungiya. Ya karɓi na Shigeo, ya ce masa, "Injin nan in ka kashe shi, zan ji daga Fukuoka." Ya karɓi na Iya Matsu, ta riƙe hannunsa ta ƙi saki. Ya karɓi na yara ɗaya bayan ɗaya. Zarurrukan suka taru a hannunsa na hagu kamar gashin doki.

Teburin Fumiya shi ne na ƙarshe kafin tsanin jirgi. Fumiya ya sunkuyar da kai yana kallon takalman tsohon suna matsowa. Takalman suka zo daidai teburin. Suka tsaya.

"Wacce za ka saka?"

Wata huɗu rabon da muryar nan ta nufo shi.

"Ta sakura, Maigida."

"Na yi maka kama da wanda ya gama aji shida?"

"A'a, Maigida."

"Ina ta jiya?"

Hannun Fumiya ya tafi aljihu da kansa. Harue, da ke kusa, ta matso da sauri. "Tomizo-san, haba. Da ranka da lafiyarka? Mutane za su ce me?"

"Harue-chan, tun kina goye nake jin me mutane za su ce." Ya juyo ga Fumiya, ya rage murya. "A Fukuoka hawa na tara suke. Wa zai saƙa mini jirgin kara a can? A wane ruwa za a tura shi, a bahon wanka? Daga nan na tura Kikue. Ni ma daga nan nake so, kuma ina so in ji da kunnena."

"Baba, don Allah," in ji Sayuri.

"Kai ka ɗora ni a jirgin nan," tsohon ya ce wa Fumiya. "To ƙarasa aikinka."

Ya juya zai tafi, sai ya dubi teburin, ya dubi hannuwan Fumiya.

"Ina zarenka?"

"Ban… ina kula da na'ura ne."

"Na'urar hannu biyu take ci?" Ya sunkuya da ƙyar, ya zaro ɗaya daga kwalin, shuɗi, ya dangwara naɗin a tafin Fumiya. Bakin zaren bai haɗa shi da sauran ba. Ya naɗa shi a ɗan yatsansa na dama, ya yi masa ƙullin nan na farko da ya koya wa Fumiya, wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Ya hau tsani bai waiwayo ba.

Aka janye tsani. Ma'aikacin jirgi ya ɗaga hannu, alamar za a kwance igiya. Harue na kallon Fumiya, Shigeo na kallonsa, shugaban ƙungiya na girgiza masa kai a hankali. Faifan sakura na ciki, dannawa ɗaya ce kawai, kuma babu wanda zai zarge shi. A nan zai ci gaba da zama, da mutanen nan zai ci gaba da fita teku. A watan Nuwamba tsohon ya ce masa abu, ya saɓa, kuma har gobe in aka maimaita zai sake saɓawa. Ya ɗaga kai. Tomizo na tsaye a jikin ƙarfen jirgi, zarurruka a hannu ɗaya, shuɗin a ɗaya hannun, yana jira.

Fumiya ya cire faifan sakura. Sai da ya gwada sau biyu kafin ɗayan ya zauna. Ya danna lamba shida.

Muryoyin matan suka fita. Wani gunaguni ya bi cikin taron, wata mata ta toshe bakinta, wani ya ce, "Yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?" Sai suka ɗaga kai suka ga Tomizo. Ya miƙe tsaye sosai, kamar yadda yake tsayawa a gaban jirginsa, bakinsa na motsi tare da waƙar. Gunagunin ya mutu. Tsofaffi suka cire huluna.

Jirgi ya ja. Zarurrukan suka miƙe, suka fara warwarewa, ja da fari da kore suna kaɗawa a kan ruwa. Naɗin da ke hannun Fumiya na juyawa a kan yatsansa, yana ƙanƙancewa. Na yara suka fara tsinkewa, don su ja suke yi. Sai na Shigeo. Fumiya ya bar teburin ya bi gefen tasha a hankali, yana sassauta hannu, kamar yadda ake yi wa babban kifi.

Jirgin bai kai hasumiya ba faifan ya ƙare. Lasifika huɗu suka yi tsit. Fumiya ya waiga, teburin ya yi masa nisa, in ya koma zaren zai tsinke. Abin da ake gudu ke nan a kowace rakiya, shirun nan. Ya tsaya tsakanin biyun bai san inda zai nufa ba.

Sai wata siririyar murya ta tashi daga cikin taron, tana karkarwa. Iya Matsu ce, ta dogara da sandarta, idonta a rufe. Ta ɗauki waƙar daga inda aka yanke ta. Wata tsohuwa ta bi ta, sai wata, sai Harue, tana yi tana share hanci. Har Shigeo ya sa tasa muryar mai kama da inji.

Fumiya bai taɓa jin baitin nan ba. Ya kasa kunne yana tsintar kalmomin ɗaya-ɗaya, sauran Harue ta cike masa daga baya. Baiti na uku ba sallama ba ne. Cewa yake yi: baɗi war haka ka dawo, hanyar ba ta canja ba, za mu kunna maka fitila a ƙofa.

Naɗin ya ƙare a hannunsa. Ya riƙe ƙarshen da yatsa biyu, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ƙafarsa a bakin dutse na ƙarshe. Zaren ya miƙe, ya yi ƙara kaɗan, ya tsinke can a tsakiya. Rabin ya faɗo kan ruwa. Ɗaya rabin ya bi jirgin yana kaɗawa, shuɗi, har jirgin ya zagaya jar hasumiyar.

Mutane suka fara watsewa, ba mai magana sosai. Yara na tsintar zare daga ƙasa. Fumiya ya jawo nasa daga ruwa, ya jiƙe, launin na zuba a yatsunsa. Ya tsaya yana naɗe shi a hankali.

Iya Matsu ta zo wucewa, ta tsaya a gabansa. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Bana ka gaya wa uwarka ta yi haƙuri," ta ce. "Obon a nan za ka yi. Ka koyi waƙar nan da kyau, kada ka sake tsinka mini zuciya da rana tsaka."

"To, Iya."

Harue na tattara kwalin zare, saura kamar rabi a ciki. Ta ɗora shi a kan teburinsa.

"Ajiye wannan. Laraba Malama Nanase za ta tafi, kai za ka shirya."

"Ni kuma?"

"Wa ya fi ka sanin waƙa yanzu?" Ta ɗauki faifan sakura, ta goge shi da gefen rigarta, ta sa masa a aljihu. "Ita wannan za ka saka mata. Kada ka yi tunani. Ka ji ni? Kada ka yi tunani ko kaɗan."